Kitse, roba, alli ko zinariya: wane ƙwanson magani ɗalibin Katsina zai ɗauka don haɗa kemo da zafin haske?

Duk ɗalibin kimiyyar sinadarai ko ta halittu da ke neman maudu'in digiri na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma, in ya leƙa intanet yana neman abin da ake yayi a binciken cutar daji, da wuya bai ci karo da wannan dabara ba. Ana ɗura maganin kemo cikin wani ɗan ƙwanso da ido ba ya gani, a haɗa shi da sinadarin da ke juya haske ya koma zafi, a kai shi cikin ƙarin dajin, wato ƙullutun, sannan a haska leza. Zafin ya raunana ƙwayoyin dajin, ya kuma buɗe ƙwanson, magani ya zuba daidai wurin da ake so. A takarda abin gwanin sha'awa ne. Wahalar tana farawa ranar da malami ya ce, "To, da wane ƙwanso za ka yi, kuma me zai ba ka zafin?" Ra'ayina shi ne, amsar ba ta cikin mujallar da ta fi suna. Tana cikin abu uku: inda ƙwanson zai je a jiki, irin fatar da hasken zai ratsa, da abin da ɗakin gwajinka zai iya riƙewa cikin zafin watan Afirilu.

Maganin da kusan kowa ke ɗurawa shi ne dokisorubisin, jan ruwan nan da ake sa wa masu sankarar mama ta jijiya. Yana aiki, amma yana cin tsokar zuciya a hankali, shi ya sa likitoci ke ƙirga jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa, ba sa son ta haura miligiram 450 zuwa 550 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Duk wannan fafutuka ta ƙwanso, asalinta neman hanyar da maganin zai taru a ƙarin ne, ya bar zuciya ta huta. Zafi kuma na da matakai biyu. Tsakanin digiri 41 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos, jini na ƙara gudu a wurin, bangon ƙwayoyin ya saki, magani ya fi shiga. Daga 50 zuwa sama kuwa ƙonawa ce kai tsaye, kuma tana iya toshe jijiyoyin da maganin zai bi. Wanda ke son kemo da zafi su taimaki juna, yawanci matakin farko yake nema.

Kafin ka zaɓi kayan da za a yi ƙwanson da shi, sai ka yanke girmansa, kuma nan ne nake ganin tsare-tsaren bincike da yawa ke tuntuɓe. Jar ƙwayar jini faɗinta kamar maikiromita 7 zuwa 8 ne (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), ƙananan jijiyoyin jini kuma tsakanin 5 zuwa 10. Ƙwanso mai maikiromita 5 in ka tura shi ta jijiya, huhu da hanta da saifa za su tare shi tun bai ga ƙarin ba. Wanda ke iya yawo cikin jini ya tsiyaya cikin ƙari shi ne na nanomita 100 ko kusa da haka (nanomita dubu ke yin maikiromita ɗaya), bisa abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Jafan a 1986, cewa jijiyoyin ƙari suna yoyo. Ko wannan ma kada a cika masa baki: wani nazari na 2016 daga rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto, da ya tattara sakamakon shekara goma na gwaji kan dabbobi, ya samu cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 kacal na abin da aka tura ke isa ƙarin. Saboda haka babban ƙwanso, mai girman maikiromita, wurinsa allura kai tsaye cikin ƙari ne, ko ta bututu cikin jijiyar da ke ciyar da shi. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Irin su DC Bead, ƙwallaye masu maikiromita 100 zuwa 300 da ake jiƙa su da dokisorubisin a tura cikin jijiyar hanta, an daɗe ana amfani da su a asibitoci don sankarar hanta. In tsarinka ya ce "ƙwanso mai maikiromita 4, ta jijiyar hannu", mai jarrabawa da ya san aikinsa zai mayar maka da shi tun daga shafin farko.

Sai maganar haske. Ka ɗora tocila a tafin hannunka cikin duhu, za ka ga ja ne kaɗai ke ratsowa. Hasken da ke gaba da ja kaɗan, mai tsawon zango daga nanomita 650 zuwa 950, shi jini da ruwan jiki suka fi bari ya wuce, shi ya sa leza mai 808 ta cika rahotanni. Amma zurfinsa mai amfani 'yan milimitoci ne, in an yi sa'a ya kai santimita guda. Ƙarin da ke can ciki sai an cusa siririn zaren haske cikinsa. Ga kuma abin da ya shafe mu mu baƙaƙe: melanin, sinadarin da ke ba fatarmu launi, yana shan hasken 808 fiye da yadda yake shan na 1064. Masu cire gashi da leza sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke amfani da mai 1064 a kan baƙar fata don kada ta ƙone. Yawancin gwaje-gwajen da za ka karanta kuwa a kan fararen ɓeraye ne ko marasa gashi. Ƙa'idar kariya ta Amurka ta sa iyakar abin da fata za ta ɗauka a wat 0.33 kan kowace murabba'in santimita ga 808, da wat 1 ga 1064, amma za ka ga rahotanni da yawa sun ninka haka sau uku ko shida ba tare da ko a jikinsu ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa wurin zaɓi.

Ƙwanson kitse, wato laifosom, shi ya fi kowa tarihi a jikin mutum. Doxil, dokisorubisin cikin ƙwanson kitse mai kusan nanomita 100, ya samu izinin hukumar magunguna ta Amurka a 1995, kuma ya rage cutar da zuciya ƙwarai, ko da yake ya zo da nasa ciwon na ɗayewar tafin hannu da ƙafa. Daga baya David Needham da Mark Dewhirst na Jami'ar Duke suka haɗa wani iri da bangonsa ke narkewa a wajen digiri 41 zuwa 42, ya zubar da maganin cikin daƙiƙu. Shi ne aka sa wa suna ThermoDox. Ya kamata kowane ɗalibi ya san ƙarshen labarinsa. An gwada shi a kan masu sankarar hanta 701 tare da ƙona ƙarin da zafin igiyar rediyo, a 2013 aka sanar bai cim ma abin da aka sa a gaba ba. Aka sake wani babban gwajin da tsawaita lokacin zafin, shi ma a 2020 masu sa ido suka ga babu alamar nasara. Duk da haka, ƙaramin gwajin ThermoDox da aka yi a Okisfod ta Ingila a kan mutum 10, aka buga a 2018, ya nuna zafi ya ninka yawan maganin cikin ƙarin kusan sau 3.7. Ke nan ƙwanson na buɗewa yadda aka tsara, amma buɗewa daban, tsawaita rai daban.

Gare mu nan Katsina kuwa, matsalarsa ta fi haka sauƙin faɗa. Abin da aka ƙera don ya narke a digiri 41, a garin da zafin bazara ke haura 40, tamkar man shanu ne da aka bari a tire tsakiyar kasuwa da azahar. Ko Doxil da bangonsa ya fi ƙarfi, firiji yake so tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a yarda ya daskare ba. Ƙara da tsadar kitsen da sai an yi odarsa daga waje cikin sanyi, da na'urar matse shi ta rariya mai ƙofofin nanomita 100, da na'urar auna girma da haske. In ba ka da firijin da ke kan sola da malamin da ya taɓa haɗa shi da hannunsa, ka bar shi a babin bitar ayyukan baya.

Roba mai narkewa a jiki, PLGA, ita ma tana da takardun shaida. Allurar Lupron Depot ta masu sankarar furostet, wadda ke sakin magani a hankali tsawon wata, da ita aka yi ta, tun 1989. A jiki tana rugujewa ta koma asid biyu da jiki ya san yadda zai yi da su. Ana haɗa ta ta hanyar kaɗa ruwa cikin mai sannan a sake kaɗawa cikin ruwa, kuma in ka busar da ita ta koma gari tana jure ajiya fiye da kitse. Illarta biyu. Dokisorubisin na son ruwa, sai ya gudu waje lokacin kaɗawar, ka tashi da kaɗan a ciki. Sannan halinta sakin magani ne sannu a hankali na makonni, bayan wani kaso da ke kwararowa a ranar farko. Leza na ƙara saurin sakin in zafin ya kai inda robar ke laushi, wajen digiri 45 zuwa 50, amma ba ta buɗewa farat ɗaya. In burinka allura guda cikin ƙari da za a yi ta haskawa sau da yawa cikin mako biyu ko uku, ita ce taka. Sai dai ka tabbata akwai akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, domin sinadarin narkar da ita ba abin shaƙa ba ne.

Na uku shi ne ƙwanson da ake ginawa shafi bisa shafi, kuma a nan zan ɗan daɗe domin shi na fi karkata gare shi. Dabarar ta Gero Decher ce a farkon shekarun 1990, sai a 1998 Donath da Sukhorukov da Caruso da Möhwald, a cibiyar Max Planck ta Jamus, suka mai da ita hanyar yin ƙwanso mai rami. Za ka haɗa ruwan kalsiyam kulorayid da na sodiyam kabonet, ka kaɗa da ƙarfi na rabin minti, sai ka samu ƙananan ƙwallayen alli masu ramuka, faɗinsu maikiromita 3 zuwa 5. Ka tsoma su cikin sinadari mai cajin fositib, ka wanke, ka tsoma cikin mai nagatib, ka wanke, haka har bango ya yi kauri. In ka so ka narkar da allin da sinadarin EDTA ya bar ƙwanso fanko, in ka so ka bar shi, tunda alli da kansa yana narkewa a wuri mai tsami, cikin ƙari kuwa ya ɗan fi lafiyayyen nama tsami. Kaitosan da aljinet, na farko daga ɓawon jatan lande, na biyu daga ciyawar teku, sun isa su yi bangon, kuma jiki na jure su fiye da sinadaran roba da aka fara amfani da su. Duk aikin cikin ruwa ake yi, a zafin ɗaki, da na'urar juyawa da ta tace ruwa da kusan kowane sashe ke da su. Kuma da yake girmansu ya kai maikiromita, madubin ƙara girma na yau da kullum zai nuna maka su. Wannan kaɗai na iya rage maka tafiye-tafiye zuwa Zariya ko Abuja neman na'ura.

Kada a ce na ɓoye aibinsa. Ƙwallayen allin nan ba su da haƙuri, in ka bar su cikin ruwa suka kwana sai su rikiɗe su koma masu kusurwa marasa rami, dole a wanke a busar nan take. Wanke-wanken na cinye lokaci kuma kowane zagaye ana asarar wani kaso. Mafi girma, bangon na yoyo ga ƙananan magunguna irin dokisorubisin, sai ka sa wani abu mai cajin nagatib a ciki ya riƙe shi, ko ka rufe da wani shafi na waje. Babu kuma wani magani irin wannan da ya kai ga amincewa a jikin mutum. Akwai ɗan'uwansa mafi sauƙi, ɗiga aljinet cikin ruwan kalsiyam, amma ƙwallayen na fitowa manya, kusan milimita, sai dai a yi maganar dasawa bayan tiyata.

To me zai ba da zafin? Zinariya ce sarauniyar fagen. Naomi Halas da Jennifer West na Jami'ar Rice suka nuna a 2003 cewa ƙwallon gilashi mai rufin zinariya na gasa ƙari a ɓera, kuma a 2019 aka buga gwajin irin wannan ƙwallon, mai suna AuroShell, a kan maza 16 masu sankarar furostet: 15 suka kammala, 13 daga ciki ba a ga dajin a wurin da aka gasa ba bayan shekara guda. Ku lura, wannan zafi ne zalla, babu kemo a ciki, kuma mutum 16 ba hujja ce ta ƙarshe ba. Zinariya ba ta gajiya da haske, ka haska sau goma ta ba ka zafi iri ɗaya. Amma tana da tsada, ba ta narkewa, tana zama a hanta da saifa. 'Yan sandunan zinariya, waɗanda rukunin Mostafa El-Sayed ya shahara da su, sai tsawonsu ya kai kamar ninki huɗu na kaurinsu kafin su sha hasken 800, ana kuma haɗa su da sinadarin CTAB mai kashe ƙwayoyin halitta da kansa, wanda in ba a wanke shi ba zai yaudare ka ka zaci maganinka ne ke aiki. Ga wani tarko da ɗalibanmu ke yawan faɗawa: haɗa zinariya da ruwan ganyen zogale ko na darbejiya. Aiki ne mai sauƙi, ruwan ya yi ja mai kyau, amma galibin abin da ke fitowa ƙwallaye ne masu shan koren haske wajen nanomita 520 zuwa 550. Ka haska musu 808 su yi maka shiru. Ƙaro ma an yi amfani da shi wajen hana ƙwayoyin zinariya cuɗewa, kuma muna da shi a Arewa, amma hana cuɗewa ba ya sauya irin hasken da suke sha.

Koren rinin ICG ya samu izini tun 1959, likitoci na amfani da shi wajen duba hanta da jijiyoyin ido, kuma yana shan haske daidai wajen 800. Wannan babbar daraja ce. Sai dai yana lalacewa cikin ruwa, haske na kashe shi, haskawa ta biyu ba ta kai ta farko zafi, kuma in ya kuɓuce cikin jini hanta na kwashe rabinsa cikin minti 3 zuwa 4. Wanda ya ɗauki PLGA, ICG ne abokin tafiyarsa na kusa, in zai iya aiki cikin duhu-duhu da kwalabe naɗe da takardar alminiyom.

Folidofamin ne zaɓina. Haeshin Lee da Phillip Messersmith suka bayyana shi a 2007. Za ka narkar da dofamin, miligiram 2 a kowace mililita, cikin ruwa mai pH 8.5, ka bar shi yana juyawa a buɗe, sai ruwan ya yi ruwan ƙasa ya koma baƙi, ya manne a kan kusan duk abin da ke ciki. Ɗan'uwan melanin ne, kuma wani rahoto na 2013 ya auna cewa yana juya kusan kashi 40 cikin 100 na hasken zuwa zafi. Abin da ya sa ya dace da ƙwanson alli shi ne aiki uku yake yi lokaci guda: ya ba da zafi, ya toshe yoyon bango, ya kuma riƙe dokisorubisin ya sake shi in wuri ya yi tsami ko ya yi zafi. Aibinsa: kowane haɗi na iya bambanta da na jiya in iska ko zafin ɗaki ya sauya, baƙinsa na rikita na'urar auna launi lokacin da kake ƙirga magani a nanomita 480, kuma ba a amince da shi a jikin mutum ba tukuna.

In na tattara, ga yadda zan ba da shawara. Mai digiri na biyu da kuɗin aljihunsa, wata 12 zuwa 18 a hannu: ƙwanson alli da kaitosan da aljinet, rufin folidofamin, da nufin allura cikin ƙari. Ya fara da rini mai araha a madadin magani har hannunsa ya faɗa, domin dokisorubisin guba ne ga mai taɓa shi, yana buƙatar safar hannu biyu da hanyar zubar da shara ta musamman. Mai digirin digirgir da tallafin TETFund da haɗin gwiwa da masu harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello: PLGA da ICG, tunda dukansu an san halinsu a jikin mutum, kuma hanyar zuwa gwajin dabba ta fi miƙewa. Kitse da zinariya kuwa na wanda zai yi rabin aikinsa a wani ɗakin gwaji na waje ne. Kowanne ka ɗauka, gudummawar da za ta bambanta ka da ɗaruruwan rahotannin Sin da Amurka ita ce ta fata. Ka jera yankan tsokar ƙirjin kaza mai kauri daban-daban a kan samfurinka, ka ɗora fata mai duhu da mai haske, ka auna zafin da ya isa ƙasa da wanda ya tsaya a sama, da 808 da kuma 1064 in ka samu. Tambaya ce da ta shafi marasa lafiyarmu kai tsaye.

Wata magana ga wanda ya karanto har nan don yana da mara lafiya a gida, ba don karatu ba. Babu ƙwanson da ya haɗa kemo da zafin leza da aka amince a yi wa mutane magani da shi, ko a nan ko a waje. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ba Nijeriya sababbin masu cutar kusan 128,000, sankarar mama ce kan gaba, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta bazu, lokacin da zafin da ke aiki a wuri ɗaya ba zai kamo ta ba ko da akwai shi. Hajiya ko Baba da aka ji wa ƙullutu, wurinsu Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar cutar daji a 2025, ko Shika, a yanki nama a gwada, a bi tiyata da kemo da gashin da likita ya tsara. Duk wanda ya ce yana da fitilar da ke narkar da daji a shagonsa, kuɗinku yake so.

Ku kuma ɗalibai, ranar gwaji ku rubuta zafin da samfurin ya fara da shi. Rahoton da kuke kwaikwayo ya fara ne daga digiri 25, naku ɗakin na iya kasancewa a 36, don haka "ya kai 45" ba ya nufin komai sai an faɗi nawa ya ƙaru. Ku haska ruwa zalla a gefe don a ga abin da leza kaɗai ke yi. In an kai ga ƙwayoyin daji a faranti, rukuni shida ne mafi ƙaranci: wanda ba a taɓa ba, leza kaɗai, magani tsirara, ƙwanso fanko da leza, ƙwanso mai magani babu leza, sai mai magani da leza. In na ƙarshen bai fi jimillar tasirin na huɗu da na biyar ba, ba za ku rubuta cewa kemo da zafi sun ƙarfafa juna ba, tarawa kawai suka yi. Kuma tabarau na kariya da ya dace da tsawon hasken ya riga lezar shigowa ɗakin, domin 808 kusan ba a ganinsa, ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, kuma duk lezar da ta haura miliwat 500 tana cikin aji mafi haɗari.